Sai an furta wariya da baki kafin ƙara ta tsaya?

Kwamared: Ana yawan gaya wa ma'aikata cewa in ba a ce maka ɓaro-ɓaro "mun hana ka saboda addininka" ko "saboda ke mace ce" ba, to ka haƙura, ba ka da ƙara. Ni dai ina jin ƙamshin gaskiya a maganar. Wane mai kamfani ne zai rubuta haka da hannunsa?

Barista: Kwamared, ai don an san babu mai rubutawa ne doka ba ta jiran takardarsa. Kotun Ƙolin Amurka ta shimfiɗa hanyar tun 1973 a shari'ar McDonnell Douglas da Green. Mai ƙara ya nuna yana cikin rukunin da doka ta kare, ya cancanci aikin, an hana shi, kuma kamfani ya ci gaba da neman mai irin cancantarsa. Daga nan kamfani ya kawo dalilinsa, mai ƙara kuma ya nuna dalilin na bogi ne. A Birtaniya, sashe na 136 na dokar daidaito ta 2010 ya fi haka ƙarfi: da zarar an kafa hujjar farko, nauyin wanke kai ya koma wuyan wanda ake ƙara.

Hajiya: Barista, a takarda haka ne. Amma dalilin da kamfani zai kawo ba ya wuya: "ba ya ƙwazo", "mun rage ma'aikata". A nan yawancin ƙorafi ke mutuwa, don mai ƙara ya zo da ɓacin rai, su kuma sun zo da fayil.

Barista: To shi ma ya zo da nasa fayil ɗin, Hajiya. Ranar da abu ya faru ya rubuta kwanan wata, wuri, kalmomin da aka faɗa, da waɗanda ke wurin. Ya adana takardar ɗaukar aiki, takardun albashi da rahoton ƙwazonsa na baya. Wanda aka yaba masa bara, aka ce ba ya ƙwazo mako biyu bayan ya kai kuka, kwanakin nan kaɗai hujja ne. Abin da ya fi komai nauyi shi ne abokin kwatance: wani mai matsayi ɗaya, ya yi kuskure iri ɗaya, aka ƙyale shi.

Malam: Ku ƙara da wariyar da babu niyya a cikinta sam. A shari'ar Griggs ta 1971 a Amurka, kamfanin lantarki ya sa sharaɗin takardar gama sakandare da jarrabawa a kan kowa, amma sharaɗin ya fi tankaɗe baƙaƙen fata, kuma ba a nuna yana da alaƙa da aikin ba. Kotu ta ce ya saɓa doka. Nan babu wanda ya furta komai.

Hajiya: Na yarda da wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne lokaci. A Amurka kwana 180 ne a kai ƙorafi ga EEOC, hukumar tarayya mai sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar, kuma bin matakan cikin kamfani ba ya tsayar da ƙirgen. Mutum na jiran amsar ofishin ma'aikata, wa'adi ya wuce.

Kwamared: Kenan kada a kai kuka cikin gida?

Hajiya: A kai, amma a rubuce, a riƙe kwafi, kuma a ambaci kalmar wariya da dalilinta. Wanda ya rubuta "ana zaluntata" kawai, gobe kamfani zai ce bai san ƙorafin wariya ba ne, kariyar da doka ta ba shi daga ramuwar gayya ta yi rauni. Ranar da ya miƙa takardar, ranar zai bincika wa'adin ƙasarsa.

Malam: Kuma kada neman hujja ya kai shi kwashe takardun sirrin kamfani ko naɗar murya a ɓoye. A wasu wurare naɗar laifi ne, kwashe takardun kuma dalilin kora ne mai zaman kansa.

Kwamared: Na janye rabin maganata. Amma leburan da ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba, ina zai samo fayil?

Barista: Saƙonnin waya, shaidar shigar kuɗi a asusunsa, da abokan aiki biyu da za su tsaya su yi magana. Na ƙarshen ne mai wuya, don su ma aikinsu suke tsoro.