Na sauke Ajrumiyya amma na kasa magana da direban tasi a Makka, ina matsalar take?

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana harshe ku fitar da ni daga duhu. Shekara wajen shida ina zuwa zaure, na sauke Ajrumiyya na shiga Alfiyya (littattafan nahawun Larabci) har na wuce rabi, in ka ba ni jimla yanzu zan yi maka i'irabinta, wannan mubtada wannan habar, fa'ili da maf'uli duk ba matsala. To bana Allah ya nufa na je Umara, wlh direban tasi ya yi min magana na tsaya ina kallonsa baki buɗe, da na zo ba shi amsa kuma sai na tsaya lissafin damma ce a ƙarshen kalmar ko fataha har bawan Allah ya gaji ya ja motarsa. Wani yaro Bahaushe haifaffen can wanda ko bihim bai sani ba a nahawu shi ya yi min tafinta daga baya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai karatun nahawu ɓata lokaci ne ga mai son jin yare?

Ɗan_Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Malam ka ɗora wa littafi laifin da ba nasa ba. Ibn Ajurrum mai Ajrumiyya mutumin Fas ne a Maroko, ya rasu 1323, ya rubuta shi ne don ka karanta Alƙur'ani da hadisi ba lahani, babu ruwansa da cinikin tasi. Kai ka koyi fusha, Larabcin littafi, shi kuma direban ammiyya yake yi, Larabcin yau da kullum, inda kai za ka ce "uridu" (ina so) shi "abga" zai ce, wasulan ƙarshen nan da kake ta lissafi ma sam ba sa furta su a kasuwa. Ƙila ma direban ɗan Pakistan ne hhh.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne abin da Malam ya faɗa amma da sauran magana, don ko da fushar aka yi maka da sauri ina jin sai ka daburce. Ni Hausa na karanta a jami'a kuma ita nake koyarwa a sakandare. Sanin doka a baki daban, doka ta zauna a ka daban. Gwada da Hausarka: "yara sun zo" amma "yaran da suka zo". Me ya mayar da sun ta koma suka? Ɗan shekara biyar ba zai ce "yaran da sun zo" ba, alhali ba wanda ya zaunar da shi ya ce wannan shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ne wancan na biyu. Ɗalibaina kuwa da ita suka tashi amma ranar jarrabawa a nan suke faɗuwa, saboda sunan dokar ake tambayarsu. Kai kana da sunan ba ka da aikin, su suna da aikin ba sunan.

An yi bincike kan wannan tun 1958, wata Ba'amurkiya Jean Berko ta zana wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 wani ɗan tsuntsu na ƙarya ta ce sunansa "wug", sai ta nuna musu guda biyu ta ce to waɗannan fa? Suka ce "wugs". Kalmar da ba su taɓa ji ba a duniya suka yi mata jam'i daidai, wato yaro ba kwaikwayo kawai yake ba kamar aku, da kansa yake tsamo doka daga abin da kunnensa ke ji. Ni a gidana na gani, 'yata tana shekara uku muka wuce Fulani da garke ta ce Mama kalli saniyoyi! Ba a bakin kowa ta ji ba, waya wayoyi taga tagogi ta ji ta gina nata, sai daga baya "shanu" ta shiga.

Amma kar ka ce shikenan a watsar da nahawu. A Kanada 1965, a wani gari St. Lambert kusa da Montreal, aka fara sa yara masu jin Turanci a aji ana koyar da su komai da Faransanci tun daga rabin aji. Bayan shekaru aka tarar wajen ji da fahimta sun kusa kamo 'yan asalin harshen, amma in suka buɗe baki ko suka ɗau biro kurakurai na nan daram, musamman jinsi da lokutan aikatau. Shi ya sa wata mai bincike Merrill Swain a 1985 ta ce ji kaɗai ba ya isa, sai an matsa wa mutum ya yi magana ya ga inda yake tuntuɓe. Don haka ni a ganina yaron da ya yi maka tafinta ka miƙa masa Alfiyya ka sha kallo.

Zongo_Boy:
Hajiya maganar jinsi ta taɓo ni. Mu nan Kumasi "yarinya ya zo" muke cewa, haka muka tashi muka ji iyayenmu na yi, da na je Kano ana ta min dariya. Na san dokar sarai yanzu amma in hira ta yi daɗi sai "ya" ta kuɓuce min ko matata nake nufi.

Abu_Hanif:
Allah ya saka da alheri Hajiya, kin wanke min kai. To amma shekarata 38 fa, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, anya ban makara ba?

Maman_Ilham:
Yaro ya fi ka sauƙi kam, ba zan yi maka ƙarya ba. A 2018 wasu masana a Amurka sun yi gwajin nahawun Turanci ta intanet da mutum wajen 670,000, suka ga kaifin ɗaukar nahawu yana nan da ƙarfinsa har wajen shekara 17 sannan ya fara ja baya, kuma wanda zai koma kamar ɗan asali sai ya fara tun yana wajen shekara 10. Amma kai ai ba so kake a ɗauka a Jidda aka yanke maka cibiya ba. Kullum ka saurari labaran Larabci ko na minti ashirin ne ba tare da ka tsaya i'irabi ba, ka kuma samu wani a zaurenku ku yanke cewa bayan magariba ba Hausa tsakaninku, ka saki baki ka yi ta kwaɓa yana gyara maka daga baya.

Ɗan_Tsangaya:
In a Kano kake ni zan iya, amma shayin naka ne.