Na sayi kyamarar 360 don ɗaukar cikin coci, aiki ya tsaya

Mai tambaya: Sallama 'yan gida, don Allah a ba ni shawara. Shekara 6 ina ɗaukar hoton biki. Bara na kwashi adashi, na sayar da babur ɗina, na sayo Insta360, wadda ke ɗauke ɗaki gaba ɗaya, mutum ya riƙa juya hoton da yatsa a waya. Maƙwabcinmu dattijo ne a wata coci a Sabon Gari, tare suka yi aikin reluwe da marigayi babanmu, shi ya kai ni. Na ɗauka ranar Talata da azahar, babu kowa: bagade, bencina, har rufi. Sai tagogi suka fito fari fat, ginshiƙi ɗaya kuma ya karye a hoton. Sati 3 ke nan shiru. Maiɗakina ta fara tambayar babur.

Tsohon hannu: Ƙanena, nawa kuka yi da su? Ba ka faɗa ba. Tagogi laifinka ne. Ka je da sassafe kafin rana ta daki gilashi, ka kunna HDR, wato saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto. Ido biyu ne da kyamarar, duk abin da ya matso gefenta sai ya karye wurin ɗinki, inda ake haɗa hotunan idon biyu, ja da ita baya. Amma babu kasuwa a nan. Wane kwamitin coci zai yarda a baje ƙofofinsa a Google Maps a wannan zamani? Koma otal-otal da ɗakunan biki.

'Yar Sabon Gari: A'a Yallaɓai, akwai kasuwa. 'Yan cocinmu da suka koma Jos da Legas kullum suna neman hoto. Sai dai fasto ba ya yanke magana shi kaɗai, sai dattawa sun zauna. Malam, rubuta musu takarda.

Mai bidiyo: Ni na daina aiki babu kafin alƙalami. Wani ango tun Ƙaramar Sallah yake riƙe min ciko, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Uwarsa har gida ta zo roƙo kafin biki!

Mai tambaya: Yaya, ba mu yi ciniki ba. Ta yaya zan dubi abokin babana in yi masa maganar kuɗi? Da azahar kaɗai mai gadi ke buɗewa. Otal kuma manya sun riga sun kama.

Tsohon hannu: To sayar da ita tun tana da daraja, ka fanso babur. Na faɗa maka.

Mai tambaya: Ba zan sayar ba, wallahi na yarda da aikin nan. Anti, takardar da Hausa ake rubutawa ko da Turanci? Kuma wa zan miƙa wa?