Wace kalma za mu ba brainstem da Hausa?

Jama'a dan Allah a taya ni, ina rubutu kan ƙwaƙwalwa sai na maƙale a brainstem, wato sashen nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, wanda yake haɗa ta da laka. Ɗan ƙarami ne fa, tsawonsa bai fi yatsa ba sosai, amma shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da hawa da saukar jini, haɗiya, tari, atishawa, amai, har barci da farkawa duk daga nan ake sarrafa su, kana barci shi yana kan aiki.

An ce min karan ƙwaƙwalwa. Fassara ce kai tsaye amma gaskiya bai kwanta min ba, kara abu ne da ke bushewa ya karye, ina shi ina abin da in ya tsaya rai ya tafi? Gindin ƙwaƙwalwa kuwa kun san yadda zai faɗo a kunne a gaban ɗalibai, mu bar shi kawai. Tushe ya ɗan yi kusa, sai dai zai sa a ɗauka daga nan ƙwaƙwalwar ta tsiro.

Ni dai na fi karkata ga kututturen ƙwaƙwalwa. Duba bishiya, duk abin da zai tashi daga saiwa zuwa rassa ta kututture zai bi, to haka saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa ta nan yake wucewa, kuma a can ƙasansa ne yawancin jijiyoyin motsi ke tsallakawa ɗaya ɓangaren, shi ya sa in matsala ta samu ƙwaƙwalwa ta hagu sai ka ga ɓarin jiki na dama ne ya shanye. Cikin jijiyoyin kai guda 12 ma, 10 ana danganta su da wajen ne. Na san wani zai ce kututture ai guntun icen da aka sare ne, eh, amma ana faɗa wa na mai rai ma.

Sassansa 3 ne. Na sama midbrain, wato ƙwaƙwalwar tsakiya, wannan ba gardama. Na biyu Pons, ma'anarsa gada ce a Latin, kuma da gaske shi ke sada saƙo da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke bayansa mai kula da daidaiton tafiya, to mu ce gada. Medulla ce ta rage, na ƙasan da ke zarcewa ya zama laka, ni na sa mata bakin laka. Likitoci da malaman Hausa, me kuka gani kan wannan ɗin?