Zauren muhawararmu na neman watsewa, ku ba ni shawara

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ɗaliba ce ni a jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana. Bayan zaɓen 7 ga Disamba 2024 na lura cewa ɗan Zongo (unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi) in bai shiga ƙungiyar ɗalibai ta wata jam'iyya ba, wato TESCON ta NPP ko TEIN ta NDC, ba shi da inda zai zauna ya yi maganar ƙasa. Shi ne muka buɗe zaure namu, kowace Asabar bayan la'asar. Ni ke sayen ruwan leda da kuɗin abincin da Mama ke turo min, ni ke aron benci, ni ke sa batun mako a WhatsApp, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai da na fito. Mun tattauna E-Levy (harajin tura kuɗi ta waya) da Free SHS (karatun babbar sakandare kyauta) lami lafiya. Ranar da aka ɗauko galamsey (haƙar zinariya ba bisa doka ba) da yadda ruwan kogunan Pra da Offin ya koma kamar koko, wani ya ce "gwamnatinku ce ta jawo", har aka ci kwalar juna. Tun ranar mata suka daina zuwa. Yanzu kuma wani babba ya aiko zai ba mu kujeru da lasifika. Wasu sun ce in na ƙi za su fita. In karɓa ne ko in rufe zauren? Barci ma ya gagare ni.

Baba na Asawase: Wa'alaikumus salam 'yata. Babu ɗan ba-ruwana a siyasar Zongo. A 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa. Da idona na ga maƙwabtanmu suna sayar da tukwane a bakin titi suna kuka. Ku zaɓi ɓangare ku tsaya.

Ƙanin kowa: Baba, da girmanka, amma ai Asusun Raya Zongo na 2017 NPP ce ta kawo, ita kuma ta tsayar da Bawumia, Musulmi, takarar shugaban ƙasa.

Baba na Asawase: Yaro, zo ka ga kwatar bayan gidana in an yi ruwa, sannan mu yi maganar asusu.

Anti daga Nima: Kar ki taɓa kujerun nan. Mu ma ƙungiyarmu ta mata an ba mu rumfa, da zaɓe ya zo aka kawo riguna aka ce dole mu sa. Har yau ni da aminiyata ba ma gaisawa. Wane ne wannan babban, me ya ce yana so?

Tsohon ɗalibi: Ƙanwata, ki yi rajista a ofishin kula da ɗalibai, ki samo malami ya zama uban ƙungiya, ku rubuta doka: minti 3 kowa, ba ambaton jam'iyyar wani.

'Yar Aboabo: Yaya, in aka kawo malami yara ba za su saki jiki ba, shi ya sa tun farko ban yi ba. Anti, mutumin kirki ne, ya san Babana, bai nemi komai ba. Kuma ni ban ce ina goyon kowa ba.

Anti daga Nima: To ai kin riga kin yanke, me kike tambaya?

Baba na Asawase: Ki karɓa, amma ki fara sanin na wane ɓangare ne. In ba namu ba ne ki mayar masa.

'Yar Aboabo: Baba, ai wannan ne abin da nake gudu. Jibi Asabar, ya ce da safe motar kujerun za ta iso. Akwai wanda ya san mai ba da hayar benci da sauƙi wajen Ayigya, kusa da jami'a?