Teku a cikin gini, ƙanƙara a hamada: almubazzaranci ne ko sana'a?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan maganata: gina bakin teku a cikin gini, ko tudun dusar ƙanƙara a ƙasar da rana ke ƙuna, almubazzaranci ne, kuma ba ya ɗorewa. Ga Japan nan. A 1993 suka buɗe Ocean Dome a Miyazaki, tsawonsa mita 300, faɗinsa mita 100, da yashi, da injin tayar da igiyar ruwa, da rufi mai buɗewa da rufewa. Kamfanin ya karye a 2001 da bashin sama da yen biliyan 300, wurin ya rufe a 2007, daga baya aka rushe shi. Ina ribar?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Ka kawo wanda ya mutu, ka bar masu rai. Ski Dubai, wurin zamiya a kan dusar ƙanƙara, tun 2005 yake aiki a cikin katafaren kantin Mall of the Emirates a Dubai, kuma na shiga da ƙafata, gani ya kori ji. Lokacin da na je, kuɗin tikiti ya haɗa da rigar sanyi da wando da takalmi, safar hannu ce dai sai ka saya. 'Yata tana da shekara shida lokacin. Da muka shiga sai ta tsaya cak, ta cire safar hannun, ta damƙi ƙanƙarar, ta yi ta kallon yadda take narkewa tana bin yatsunta. Ta ɗaga kai ta ce, "Umma, ashe ba ta da nauyi." Har yau tana ba da labarin. Ban ga wanda zai ce min kuɗin nan asara na yi ba.

Malam Habibu: Allah ya raya ta, Hajiya. Amma daɗin da yarinya ta ji bai amsa tambayar wuta ba. A waje zafi ya haura digiri 40, a ciki ƙasa da sifili. Wa ke biyan wannan tazarar?

Injiniya Bashir: Malam, nan ne nake so in sa baki, don sanyi shi ne aikina. Mutane suna ɗauka kullum safiya sai an sake sanyaya wurin daga farko. Ba haka ba ne. Ka ɗauke shi a matsayin ƙaton firji mai kaurin bango. Wahalar tana farko, lokacin saukar da zafin ginin. Da zarar ya sauka, aikin injin shi ne fitar da zafin da ke kutsowa ta bango da rufi, da na fitilu, da na jikin mutane. Ita kanta ƙanƙarar da ke ƙasa ma'ajiyar sanyi ce. Da dare, bayan an watse, sai a ƙara saukar da sanyin, a fesa ruwa siriri daga sama, ya daskare kafin ya iso ƙasa. Ban ce ba ya cin wuta ba, yana ci sosai, wuri ne mai murabba'in mita 22,500. Abin da nake cewa shi ne akwati a rufe ya fi sauƙin riƙewa a kan yadda ido ke gani.

Ni a ganina ma masu teku sun fi shan wahala. Ruwan ɗumi kullum yana tururi, tururin nan yana tafiya da zafin da ka saya da kuɗi, sannan ya jiƙa iska, ya kama ƙarfen gini. Dole ka busar da iskar, ka sake ɗumama ta. Iska mai ɗumi kuma sama take gudu, inda ba kowa.

Zulaihat: Yaya Bashir, ai wannan shi ne labarin Tropical Islands, wurin wankan nan na cikin gini kusa da Balin a Jamus, ko? Na karanta cewa tun asali ba don wanka aka gina shi ba.

Injiniya Bashir: Haka ne ƙanwata. Rumfa ce da kamfanin CargoLifter ya gina don ƙera jiragen balan-balan na ɗaukar kaya. Tsawonta mita 360, faɗi 210, tsayi 107. Kamfanin ya karye a 2002, sai kamfanin Tanjong na Malesiya ya saya, ya buɗe ta a Disamban 2004 da tafkuna da yashi da itatuwan ƙasashen zafi. Ana riƙe ciki a wajen digiri 26 ko da waje ya daskare. Da farko tsirrai sun wahala don rashin haske, sai da aka sauya wani ɓangaren rufin da leda mai barin rana ta shigo. Baƙi ma ba su zo yadda aka yi lissafi ba a shekarun farko. Amma ya miƙe, yana nan har yau.

Baba Audu: Na saurare ku duka. Habibu, ɗana, akwai abin da ka tsallake a misalinka. Ocean Dome ɗin nan, tekun gaske yana nan kusa da shi, tafiyar ƙafa. Mutum ya biya kuɗi ya shiga kwaikwayo alhali ainihin abin yana gefensa kyauta? Haka ma SSAWS, tudun zamiya a kan ƙanƙara na cikin gini da suka gina a Funabashi kusa da Tokiyo a shekarar 1993 ɗin. Ya rufe a 2002, aka rushe, yanzu shagon kayan ɗaki na IKEA ne a filin. Mutumin Tokiyo jirgin ƙasa zai hau, cikin ƙasa da awa biyu yana kan dutsen gaske a Yuzawa. To ka dubi waɗanda suka rayu. Mutumin Dubai ba shi da ƙanƙara sai ya hau jirgin sama. Mutumin Balin a watan Janairu ba shi da ruwan ɗumi da bishiyar kwakwa sai ya tsallaka nahiya. Abin da babu shi ake sayarwa. Wanda ya kai tallan ruwa bakin rijiya kada ya ga laifin masu saye.

Malam Habibu: Baba, na karɓi wannan, ban lura da shi ba. Sai dai a ƙara da cewa waɗancan biyun an tsara su ne lokacin da kuɗi suka yi wa Japan yawa a ƙarshen shekarun 1980, kafin a buɗe su tattalin arzikin ya riga ya faɗi. Amma ko da wuri ya ci riba, riba ba ita ce hujja ba. Ana ƙona makamashi don a ƙirƙiri sanyi, hayaƙin kuma yana ƙara ɗumamar da ke cinye ƙanƙarar gaske a kan duwatsu. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma ba wanda ya amsa min shi.

Zulaihat: Malam, ni ma yana damuna. To amma a auna da me? Iyalin da suka yi tafiyar kilomita 60 daga Balin suka kwana biyu a rumfar nan, da iyalin da suka hau jirgi zuwa Tailan, wa ya fi ƙona mai?

Malam Habibu: In rumfar ta hana su hawa jirgin kenan. Ni tsorona kwaɗayi take sa musu, baɗi su yanki tikiti. Dubi Sin: tun da aka ba su damar karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu ta 2022 suke ta gina irin waɗannan, daga Harbin har Shanghai, kuma manufarsu a fili take, a koya wa mutane zamiya don su fita duwatsu.

Hajiya Rabi: Nan kam ka taɓa ni, Malam. Tun da muka dawo yarinyar nan ba ta da magana sai a kai ta inda ƙanƙara ke saukowa daga sama da kanta. Na ce mata sai ta gama makaranta. Injiniya, tambayata gare ka: in aka ɗora wurin gaba ɗaya a kan wutar sola, maganar Malam ta faɗi ko tana nan?

Injiniya Bashir: Rabinta ta faɗi, Hajiya. Da rana sola za ta ɗauki nauyin sanyaya, kuma lokacin ne zafi ya fi matsa wa ginin. Amma ƙanƙarar da dare ake yin ta, sai da batura ko wutar layi. Jirgin da 'yarki ke jira kuwa, sola ba ta kai can ba tukuna.