Lauyan da ya fito daga ma'aikata ko wanda ya tsufa a kotu?

Kawu na Kubwa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na yi wa wata hukumar tarayya kwangilar kujeru da tebura, na kai kaya, an sa hannu an karɓa. Yau shekara ta uku ke nan ana ce min fayil na kan teburin oga. Na gaji, kotu zan tafi. Lauya biyu aka nuna min. Ɗaya ya yi shekara 12 a sashen shari'a na wata ma'aikata yana rubuta daftarin dokoki da tsare-tsare, bara ya buɗe ofishinsa a Wuse. Ɗayan kuwa tun da ya fito daga makarantar lauyoyi ta Bwari, a kotu yake wuni. Surukina ya ce ba sai na yi dogon tunani ba, wanda ya fito daga cikin gwamnati shi ya fi iya kayar da gwamnati. Haka ne?

Tsohon Darakta: Wa alaikumus salam Alhaji. Surukinka ya faɗi gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Barista 'yar Garki: Ranka ya daɗe Darakta, a gafarce ni, ban yarda ba. Rubuta doka daban, tsayawa gaban alƙali daban. Na ga wanda ya kwashe shekaru yana rubuta wa minista shawara, ranar da ya miƙe zai yi wa shaida tambayoyi, takardar hannunsa har rawa take. Tambaya ɗaya ya yi fiye da kima, shaidan ya samu ƙofa ya gyara duk ɓarnar da ya yi a baya. Wannan ba a ofis ake koyonsa ba. Sai ka zauna tun ƙarfe tara kana jiran a kira ƙararka, ita ce ta 23 a jeri, a kira ta bayan azahar a ɗage, ka dawo, har ka gane halin kowane alƙali.

Ɗalibin Bwari: Anti Barista, ni abin da ya tsorata ni shekara uku ɗin nan ne. Ba dokar kare jami'an gwamnati ta ce wata uku kacal ake da shi a shigar da ƙara ba?

Barista 'yar Garki: Ƙanena, koma ka sake karatu. Wata ukun gaskiya ne, amma Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa bai shafi saɓa yarjejeniyar kwangila ba. Inda Kawu zai iya faɗawa rami shi ne hurumi. Mutane da sun ji hukumar tarayya sai su ruga Babbar Kotun Tarayya saboda sashe na 251 na tsarin mulki, alhali bashin kwangila zalla Babbar Kotun Abuja ke da hurumin sauraronsa. Ka yi shekaru kana shari'a, a ɗaukaka ƙara, a ce kotun farko ba ta da hurumi, a rushe komai. Ga kuma hukumomin da dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su. Lauyan kotu da waɗannan yake karya kumallo.

Tsohon Darakta: 'Yata, duk na ji. To kin ci shari'a, alƙali ya ce a biya. Sai me? Takarda ce a hannunki. Tun 2015 kuɗin hukumomi suna asusun bai ɗaya a Babban Banki. Ga sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da amincewar Antoni Janar, ku lauyoyi har yau kuna ta ja-in-ja a kansa. Na zauna a kujerar nan, na ga 'yan kwangila da hukuncin kotu a leda suna zarya hawa na uku har takalmi ya cinye. Wanda ya yi aiki a ciki ya san ko an bi dokar bayar da kwangila ta 2007, ko kuɗin na cikin kasafin shekarar, ko takardar karɓar kaya ta sito ta shiga fayil. Wani lokaci wasiƙa ɗaya da ta faɗa teburin da ya dace ta fi shekara biyar a kotu.

'Yar Jarida: Baba Darakta, teburin da ya dace ko mutumin da ya dace? Mu faɗa wa juna gaskiya, yawanci idan aka ce lauya ya san gwamnati, ana nufin yana da lambar wayar Babban Sakatare.

Tsohon Darakta: Kin fassara ni da abin da ban faɗa ba.

'Yar Jarida: Allah ya huci zuciyarka Baba. Amma ku tuna shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID. Kwangilar iskar gas ta 2010, masu sasanci suka ɗora wa Najeriya dala biliyan 6.6 a 2017, da kuɗin ruwa ta haura biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 kotun Landan ta soke, bayan ta gano an ba wata babbar jami'ar shari'a ta ma'aikatar man fetur cin hanci, kuma takardun sirri na lauyoyin Najeriya suna hannun kamfanin. Wannan ma ai sanin ciki ne. Kuma marigayi Gani Fawehinmi, lauyan kare haƙƙin ɗan Adam, bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, wa ya kai shi hana gwamnatoci barci?

Tsohon Darakta: Gani 'yanci yake nema wa mutane. Alhaji kuɗin kujeru yake nema.

Kawu na Kubwa: Wallahi kuwa. Ni ba na son sunana a jarida.

Barista 'yar Garki: Darakta, a nan na ba ka rabi. Abin da ka lissafa na fayil yana da amfani, sai dai ba sirri ba ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kowane lauya mai himma zai iya nema. Kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauyan da ya bar gwamnati karɓar aiki a kan maganar da ya ba da shawara a kanta ko ta bi ta hannunsa yana ofis. Kawu, wace ma'aikata mutumin nan ya bari?

Kawu na Kubwa: Ai ita ce uwar hukumar da nake bi bashi. Shi ya sa ma surukina ya ce shi ne daidai.

Ɗalibin Bwari: Tab!

Barista 'yar Garki: To kafin ka ba kowa ko sisi, ɗauko yarjejeniyar. Duba shafin ƙarshe, wa ya sa hannu, wa ya yi shaida. Idan ta bi ta teburinsa, lauyan hukumar zai nemi a cire shi daga shari'ar tun zaman farko, kuɗinka kuma sun tafi. Sannan ka duba ko akwai sakin layin da ya ce sai an je gaban masu sasanci kafin kotu.

Tsohon Darakta: Idan kuma ba ta bi ta teburinsa ba, ina nan kan bakana.

Kawu na Kubwa: Takardun suna shago a Dei-Dei, cikin durowa, yaron kuma ya tafi da makulli. Gobe da safe in sha Allah zan ɗauki hoton shafin in turo wa Barista.