Neman shawara: makarantar mata zalla zan kai 'yata ko in bar ta a ta haɗaka?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Don Allah a sakaya sunana. Shawara nake nema a kan 'yata ta fari, shekararta 11, tana aji shida na firamare a nan Kano, bana za ta shiga ƙaramar sakandare. Makarantar kuɗi take yi, ta haɗaka, maza da mata aji ɗaya, kuma suna da ɓangaren sakandare, in mun so sai ta zarce kawai. Ra'ayin babanta ke nan: kusa da gida take, kuɗinta da dama-dama, ƙannenta ma can suke, mota ɗaya ke kwashe su.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Yarinyar nan a gida baki gare ta, ita ke koya wa ƙannenta lissafi, amma malamarsu ta ce mini sai a yi sati ba a ji muryarta a aji ba. Da na lallaɓa ta sai ta ce wata rana ta fita allo ta yi kuskure, yara mazan da ke zama a baya suka dinga kwaikwayon muryarta har aka tashi. Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba. Ga shi jikinta ya fara canzawa, tafiya ma a ranƙwafe take yi. Kullum maganarta likita za ta zama.

Akwai makarantun kuɗi biyu na mata zalla da nake dubawa. Ɗaya jeka-ka-dawo ce amma sai an ratsa gari, kuɗinta ya kusa ninka wanda muke biya. Ɗayar ta kwana ce a bayan gari, suna haɗawa da hadda, ta fi tsada. In zan yi, sai na zuba adashina a ciki. Don Allah waɗanda suka yi irin wannan makaranta, da waɗanda suka kai 'ya'yansu, da malamai, ku faɗa mini tsakani da Allah: akwai amfanin da ya kai wannan ɗawainiya, ko suna ne kawai?

Tsohuwar ɗalibar makarantar mata:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi kamar labarina kika bayar. Haka na shiga sakandare, ko sunana aka tambaya sai muryata ta yi rawa. Shekara shida na yi a makarantar mata zalla, yanzu harhaɗa magunguna nake yi a asibiti.

Abin da na samu a can ba a rubuce yake a takardar sakamako ba. A makarantar mata, duk wani aiki da ke akwai mace ce za ta yi shi, don babu wani namiji da za a tura. Mai buga ƙararrawa mace, shugabar ɗalibai mace, mai jan muhawara mace, wadda ta fi kowa iya lissafi mace, mai gyara soket in ya lalace a ɗakin kwana ita ma mace. Sai da na shiga jami'a na fara jin ana cewa wai darasi kaza na maza ne, abin ya ba ni mamaki, don ni na tashi ina ganin 'yan ajinmu suna cinye shi. Sannan kuskure ba ya zama abin kunya mai bin mutum gida. Ki faɗi amsa ba daidai ba, a yi dariya, gobe wata ce za ta faɗi nata. Ranar da al'ada ta fara zo mini a aji nake, ta ɓata mini siket, ƙawata ta ɗaura mini rigar sanyinta muka fita, babu wanda ya sake tada zancen. Ki kwatanta wannan da ajin da ake kwaikwayon muryar yarinya.

Ba zan ce miki mata ba sa cin zalin juna ba, suna yi, wani lokacin ma da baki mai zafi. Amma ga yarinya mai kunya irin taki, ni na ga amfaninsa da idona.

Malamar lissafi:

Maman yara, shekarata 14 ina koyarwa, na yi a ta haɗaka na yi a ta mata. Abin da 'yarki ta faɗa miki gaskiya ne, kuma ba ita kaɗai ba ce. A ajin haɗaka, kafin ki gama tambaya yara maza uku sun jefo amsa, daidai ko ba daidai ba. Yarinya kuwa sai ta tabbatar a zuciyarta tukuna, kafin ta gama tabbatarwa an wuce wurin. A ɗakin gwaje-gwaje ma haka: mazan su damƙe kayan aiki, a miƙa wa mace biro ta rubuta sakamako saboda wai ta fi kyan rubutu. Malamin da bai lura ba sai ya ɗauka matan ne ba su gane ba. Daga aji biyu zuwa uku na ƙaramar sakandare abin ya fi tsanani, lokacin da jiki ke canzawa.

To amma ki saurare ni da kyau, tunda likita take so ta zama. Allon da aka rubuta "mata zalla" a bakin ƙofa ba ya koyar da kowa. Na san makarantar mata mai kyan gini da fenti, amma zango biyu suka yi babu malamin fiziks, saboda albashin bai taka kara ya karya ba, kowa ya samu wani wuri sai ya gudu. Kada ki tsaya a ofishin shugabar makaranta ana ba ki lemo. Ki je ranar karatu ba tare da kin sanar ba. Ki ce a nuna miki ɗakin gwaje-gwaje, ki duba ko kwalaben da ke ciki ana taɓa su ko ƙura ta rufe su. Ki tambayi shekara nawa malaman fiziks da kemistiri da bayoloji suka yi a wurin. Ki nemi sakamakon WAEC da NECO na shekara uku, sannan ki tambayi makin JAMB na yaran, domin inda ake ba da satar amsa za ki ga takarda cike da A amma JAMB ta tona asiri. Daga nan ki zagaya banɗaki, ki ga ko akwai ruwa da ƙofa mai rufuwa. Banɗakin makarantar mata yana faɗa miki halin masu ita fiye da kowace takardar talla.

Baban Yara, malamin jami'a:

Hajiya, a yi mini afuwa na shigo zancen iyaye mata. Fannin ilimi nake koyarwa, kuma wannan tambaya masana sun daɗe suna ja-in-ja a kanta. A 2014 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazari 184 da aka yi a kan ɗalibai wajen miliyan 1.6 daga ƙasashe 21. Suka ga cewa in aka kwatanta yara masu hali ɗaya, wato ƙoƙarinsu da ƙarfin gidansu ya yi kusa, bambancin sakamako tsakanin makarantar jinsi ɗaya da ta haɗaka ɗan kaɗan ne ƙwarai. Dalilin a fili yake. Makarantar kuɗi ta mata tana tace waɗanda za ta ɗauka da jarrabawa, iyayen da ke iya biya kuma galibi masu bibiyar karatun 'ya'yansu ne. In yaran suka yi fice, sai a yaba wa raba jinsi, alhali da ƙoƙarinsu suka shigo.

A ɗaya ɓangaren, akwai birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda aka yi shekaru ana rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓin iyaye ba. Can binciken ya nuna waɗanda suka faɗa makarantun jinsi ɗaya sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Kin ga ke nan maganar ba ta yanke ba. Ni dai nawa 'ya'yan a ta haɗaka suke, don ina ganin jami'a da wurin aiki duk a haɗe suke, gara su saba tun yanzu. Amma nawa ba su daina magana a aji ba. Taki ta daina, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Tsohuwar ɗalibar makarantar mata:

Malam, da girmamawa, a kan batun sabawa ban yarda ba. Da muka shiga jami'a mu ne muke tsayawa gaban aji mu yi bayani ba gargada. Wadda ta saba a saurare ta shekara shida ba ta rasa bakin magana don ta ga namiji. Kuma ai ba a cikin tulu muka tashi ba, muna da yayye da ƙanne maza a gida.

Anti daga Ingila:

Nan ma da muke zaune muhawarar ke nan, kuma da yawa daga makarantun mata nasu na kuɗi ne masu tsadar gaske. Abin da suka fi kafa hujja da shi shi ne zaɓin darussa. Cibiyar masana fiziks ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2012 cewa a makarantun gwamnati, yarinyar da ke makarantar mata ta fi ta haɗaka yiwuwar ɗaukar fiziks a matakin ƙarshe na sakandare kusan ninki biyu da rabi. Kusan rabin makarantun haɗakar ma ko mace ɗaya ba su tura wannan darasi ba a shekarar da aka duba. Ya yi daidai da abin da Malama ta faɗa.

Maman 'Yan Biyu:

Ni a kan ta kwanan zan yi magana. Don Allah kada ki kai yarinya 'yar shekara 11 kwana, balle mai zurfin ciki. Na yi wannan kuskure da babbar 'yata, makarantar kuɗi ce mai suna, ba zan faɗe ta ba. Zango biyu tana wanke wa wata siniya kaya, tana ba ta kayan shayinta, ba ta taɓa faɗa mini ba. Ranar ziyara na ga ta rame, matiron ta ce wai kewar gida ce. Sai da ƙawarta ta tsegunta wa uwarta na ji. Yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu a aji, wa zai ji kukanta a ɗakin kwana da ƙarfe goma na dare?

Ga kuma tsaro, tunda kin ce a bayan gari take. Ba mu manta Chibok ba a 2014, 'yan mata 276. Dapchi a 2018, su 110. Jangebe a 2021, su 279. Na san duk na gwamnati ne kuma yanayin wuraren ya bambanta, amma dukkansu makarantun kwana ne na mata. Dole uwa ta tambayi katanga, da masu gadi, da nisan wurin da jami'an tsaro. In jeka-ka-dawon tana da kyau, ita ce zaɓina. Kullum za ki ga fuskarta da yamma, hadda kuma ga Islamiyya nan a unguwa.

Hajiya Kaka:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika lura da halin yarinyarki. Mata su koyar da mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, su ne ake kira 'Yan Taru. Mu ma a zamaninmu, ba don makarantar ta mata ce zalla ba, da mahaifina bai bar ni na wuce firamare ba.

Abu biyu zan ja miki kunne. Na farko, kada ki mai da wannan rigima tsakaninki da maigidanki. Abin da ya faɗa ba son zuciya ba ne, lissafin aljihu ne. Ki samu lokacin da ya huta, ki sa yarinyar ta ba shi labarin allon nan da bakinta. Uba in ya ji da kunnensa daban ne. Na biyu, sakandare shekara shida ce, kuɗin makaranta kuma ba ya sauka sai dai ya hau, ga ƙanne na tafe. Adashi na zango ɗaya ne ko biyu. Cire yarinya a tsakiya saboda an gaza ya fi ciwo a kan rashin kai ta tun farko. In kun auna kun ga da nauyi, akwai makarantun 'yan mata na tarayya a Minjibir da Kazaure, ta jarrabawar NECO ta 'yan aji shida ake shiga, sai dai na kwana ne. Akwai kuma na kimiyya na jiha irin ta Garko, su sai bayan an gama aji uku ake zana jarrabawarsu, lokacin ta ƙara wayo.

Maman Ummi:

Kafin komai ki koma makarantar da take yanzu ki sami malamar. Yaran da suka yi mata wannan abu a tsawatar musu, ko za ki cire ta ko ba za ki cire ta ba. Akwai wasu 'ya'yan a ajin. Ki kuma tambaya ko suna raba aji a sakandarensu, wasu makarantun harabar ɗaya ce amma maza daban mata daban.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a. Na bi maganar Hajiya Kaka, daren Juma'a ta ba babanta labarin da kanta, ya yi shiru ya daɗe bai ce komai ba. Ta kwanan dai mun ajiye ta. Jiya Litinin muka je jeka-ka-dawon ni da shi da ita, ba mu sanar ba. Malama, na shiga banɗakin, akwai ruwa, ƙofa biyu ne sakatarsu ta lalace. Malamin kemistiri shekararsa biyar a wurin, na fiziks bai cika shekara ba, wannan ya ɗan tsaya mini a rai. Sun ce in dawo ranar Alhamis a ba ni sakamakon jarrabawar.

Da muka leƙa wani aji ana lissafi, wata 'yar ƙarama ce a gaban allo, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, sauran suna ta gyara mata da hayaniya. Tawa ta tsaya a bakin taga ta ƙi tafiya sai da aka gama. A mota babanta ya tambaye ta ko ta san amsar, ta ce tun layi na biyu yarinyar ta manta alamar ragewa.

Saura maganar mota, don ba zai iya kai ƙannen sannan ya ratsa gari da ita ba. In akwai wadda 'yarta ke zuwa makaranta ta wajen titin Zariya daga unguwannin Kabuga, don Allah ta yi mini magana ta akwatin sirri mu ga ko za mu haɗa mai adaidaita ɗaya.